Lambobi 16 da suka ƙi buɗe hoto

Wasa zai fara ƙarfe 5 na yammacin Asabar. Tashar, wata ƙaramar tashar talabijin ta jiha, ta riga ta biya kuɗin izinin nuna shi, masu talla ma sun biya nasu. Wajen ƙarfe 2 wuta ta dawo da ƙarfi, ta ƙona sashen wutar dikodar ƙwararru guda ɗaya tilo da suke da ita, irin wadda ake kira IRD. Abin da ya rage a hannu shi ne dikodar kasuwa ta kallon tashoshin kyauta da ke ɗakin labarai. Ƙaramin ma'aikacin da ke bakin aiki ya ce wa babban injiniya: "Oga, ai wannan ma tana cin BISS, na ga wurin sa ki a menu." BISS wani tsarin kulle sigina ne, ki kuma makullin buɗe shi. Aka ciro dikodar, aka jona mata kebul ɗin babban dish.

An gina wannan nazari ne a kan irin matsalar da ƙananan tashoshi ke faɗawa ciki, ba a kan wata tasha takamaimai ba. Lambobin makullin da za a gani a nan duk ƙirƙirarru ne, ba sa buɗe komai.

Abin da takardar bayanai ta ce

Wasan da ake aiko wa tashoshi ba tasha ba ce mai zaman dindindin kamar waɗanda ake kallo a Nilesat ko Eutelsat 16A. Hanya ce ta wucin gadi da ake hayar ta a kan tauraron ɗan'adam na 'yan sa'o'i, ma'aikata suna ce mata fid. Mai izinin wasan ya turo takarda ta imel: firikwensi 12610, H, simbol ret 7200, DVB-S2, 8PSK, FEC 3/4, hoto MPEG-4 4:2:2, kulle BISS-E. A wani saƙo daban kuma ya turo haruffa da lambobi 16: 7C 19 E4 52 A0 3D 8B F1.

Kama sigina bai ba da wahala sosai ba. Da farko dikodar ta nuna ba komai, saboda an bar saitin LNB ɗinta, wato na'urar da ke bakin dish tana karɓar sigina, a kan 9750 kawai. Firikwensi 12610 yana ɓangaren sama ne na zangon firikwensin da ake kira Ku, wanda ke farawa daga 11700, kuma sai dikoda ta aika wa LNB sautin 22 kHz kafin ya koma kan 10600. A nan ne 12610 zai sauko zuwa 2010, ya shiga tsakanin 950 da 2150 da dikoda ke iya ji. Da aka mayar da saitin kan Universal, aka rubuta firikwensin da hannu tunda fid ba ya cikin jerin da dikoda ke zuwa da shi, sai sandar ƙwaliti ta haura ta tsaya cak. Ƙarfe 3 da rabi ke nan.

A lokacin masu aikowa suna gwaji ne. Lasifika ta fara fitar da dogon sautin gwaji, amma allo baƙi ƙirin. Kowa a ɗakin ya ɗauka kulle ne ya hana hoto fitowa, aka shiga neman inda za a zuba lambobin nan 16. Wannan ne kuskure na farko, kuma za a dawo kansa. Ƙarfe 4 da kwata sautin ma ya ɗauke, alamar dala ta bayyana a gefen sunan tashar, allo ya rubuta "Scrambled". Aka zuba lambobin, shiru. Aka goge aka sake zubawa a hankali, mutum ɗaya na karantawa ɗaya na danna rimot, shiru. Aka juya dish kaɗan ko sigina ce ba ta isa ba, abin da bai da alaƙa ko kaɗan: kullalliyar tasha ko sigina ta kai ɗari bisa ɗari ba za ta buɗe ba.

Inda kwaɗon yake

Duk abin da ke saukowa daga tauraro, hoto ko sauti ko jadawali, yana zuwa ne a yanke cikin ƙananan ƙunshi, kowane ɗaya bayit 188 (bayit ma'aunin bayanan kwamfuta ne, kowane bayit bit 8). Bayit 4 na farko su ne kan ƙunshin, kamar rubutun bayan ambulan. Na farkonsu kullum 47 ne a lissafin heks, wato lissafin da ke amfani da 0 zuwa 9 da A zuwa F, da shi dikoda ke gane mafarin ƙunshi. Sai lambar PID mai bit 13 da ke faɗin ko wannan ƙunshin na hoton tasha kaza ne ko na sautinta. Sai wasu bit guda 2 da su ne jigon maganarmu: 00 na nufin a buɗe yake, 10 na nufin an kulle da makullin da ake kira na cika, 11 kuma da na mara.

Kan ƙunshi ba a taɓa kulle shi. Jadawalin da ke faɗin tashoshin da ke cikin firikwensin, wato PAT da ke kan PID 0 da PMT na kowace tasha, su ma a buɗe suke. Shi ya sa dikodar kyauta ke iya sikanin ta kawo sunan kullalliyar tasha, har ta faɗi PID ɗin hoto da na sauti, alhali ba ta iya nuna ko ɗigo. Ambulan take karantawa. Wasiƙar ciki, wato har bayit 184 da suka rage, ita ce aka dagula.

Tsarin da ake dagulawa da shi sunansa CSA. Ƙungiyar DVB ta Turai ce ta fito da shi a 1994, aka riƙe yadda yake aiki a asirce har zuwa 2002 da ya fallasa. Dalilin da ya sa dikodar kasuwa ke da wurin sa makulli shi ne kusan kowane cif, wato ƙwaƙwalwar lantarki, da ake ƙera dikoda da shi yana zuwa da injin warware CSA a cikinsa, ko dikodar ta kati ce ko ta kyauta, tunda masana'anta ba za ta yi cif biyu ba. Injin yana nan zaune, abu ɗaya yake jira: makulli mai bayit 8 da ake kira CW. Duk wani tsarin kulle da ka taɓa jin sunansa, Irdeto ko Viaccess ko Nagravision ko Conax, a mafi yawan tashoshi ba shi ne ke dagula hoton ba. Aikinsa shi ne isar da CW ga wanda ya biya, da ɓoye shi daga wanda bai biya ba.

Akwai wani hali na injin nan da ya ƙara rikita mutanen ɗakin. Ba ya sanin ko makullin da aka ba shi daidai ne. Kowane irin lambobi ka zuba masa zai karɓa ya yi lissafinsa ya fitar da wani abu. In makullin ba shi ba ne, tarkace zai fitar, sashen hoto ya nemi alamar 00 00 01 da ke nuna mafarin hoto ya rasa, allo ya zauna baƙi. Ba saƙon da zai ce maka "ka yi kuskure a lamba ta bakwai". Kuskuren harafi ɗaya da makullin wata duniya daban, duk fuska ɗaya suke nunawa.

Makulli mai zama da makulli mai gudu

A tashoshin biyan kuɗi irin DStv, wadda ke amfani da Irdeto, CW ba ya daɗewa, yawanci kimanin sakan 10 ne a canza shi. Amfanin na cika da na mara ke nan: yayin da ake buɗe hoto da ɗaya, ana shirya ɗayan, sai bit biyun nan na kan ƙunshi su juya, dikoda ta koma kan sabon ba tare da hoto ya ko girgiza ba. Sabon CW yana zuwa ne a cikin wani saƙo mai suna ECM, shi ma a kulle, kuma kati ko amintaccen cif na dikodar kamfanin ne kaɗai ke iya buɗe shi. Wani saƙon kuma, EMM, shi ke gaya wa katin wane ne ya biya kuɗin wata da kuma tashoshin da ya cancanta. Idan ka biya kuɗi aka ce ka bar dikoda a kunne, EMM ɗinka kake jira ya zagayo. Saboda haka duk wanda ya ce zai sa maka "ki" da rimot ya buɗe irin waɗannan tashoshi, kuɗinka kawai yake so. Kafin ya gama danna lambobi 16 makullin ya canza sau biyu ko uku. Dikodojin da ake ganin suna buɗe su ta intanet suke karɓo CW daga katin wani a wata ƙasa, shi ya sa hoto ke daskarewa da zarar data ta yi jinkirin sakan biyu, kuma shi ya sa rana ɗaya ake wayi gari sun mutu gaba ɗaya. Sata ce, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta haramta tsallake irin wannan kariya.

BISS ba haka yake ba. Ƙungiyar kafafen watsa labarai ta Turai, EBU, ta tsara shi a farkon shekarun 2000 domin motocin ɗauko labarai da wasanni, saboda a da na'urar wannan kamfani ba ta buɗe kullen na wancan. Ba kati, ba ECM, ba EMM. Makulli ɗaya ne mai aikowa ya sa da hannu, mai karɓa ya sa irinsa da hannu, ya zauna haka har a tashi wasa. Dikoda ma tana faɗin haka in an duba bayanin tasha: lambar tsarin kulle, CAID, za ta nuna 2600, wurin PID na ECM kuma 1FFF, wato babu. Da Irdeto ne da an ga lambar da ta fara da 06, Viaccess 05, Conax 0B, Nagravision 18, PowerVu kuma 0E00. Wannan shafin bayani shi ya kamata a fara buɗewa kafin a taɓa dish ko a yi maganar sabunta manhaja. A ɗakin an duba, an ga 2600, kuma shi ne ya ƙara musu ƙarfin gwiwar cewa lambobin za su shiga.

Lissafin minti ɗaya da ya warware zancen

BISS iri-iri ne, kuma CAID 2600 ba ya bambanta su. A BISS-1 makullin haruffa 12 ne, wato bayit 6, bit 48. Injin CSA kuwa bayit 8 yake so, sai a cike gurbi biyu da lissafi: bayit na 4 jimlar ukun farko ne, na 8 kuma jimlar ukun da suka gabace shi, in jimlar ta kai 256 a riƙa cire 256 har ta koma ƙasa da haka. A ɗauki makulli 25 40 13 9C 71 08. A lissafin yau da kullum 25 na heks 37 ne, 40 kuma 64, 13 kuma 19. Jimla 120, wato 78 a heks. Na biyun, 156 da 113 da 8 sun ba da 277, a cire 256 saura 21, wato 15. Cikakken CW ya zama 25 40 13 78 9C 71 08 15. IRD haruffa 12 take karɓa ta yi lissafin da kanta. Yawancin dikodojin kasuwa gurbi 16 suke nunawa, suna jiran an riga an lissafa. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe: su zuba 12 su cike sauran da sifili. Wasu dikodojin ma sai an haɗa makullin da lambar tasha, SID, a heks, alhali shafin bayani a lissafin yau da kullum ya nuna ta. Tasha mai lamba 10 sai a rubuta 000A.

Babban injiniyan ya ɗauki biro ya gwada wannan lissafi a kan abin da aka turo musu. 7C da 19 da E4 su ne 124 da 25 da 228, jimla 377, a cire 256 saura 121, wato 79. A takarda kuwa bayit na 4 52 ne. Rabi na biyu ya ba da 68, takarda ta ce F1. Duka biyun ba su dace ba. Da kuskuren kwafi ne da wuya ya ɓata ɓangarorin biyu a lokaci guda, kuma lambobin da ba CW ba ne damar su tsallake gwajin nan bisa katari ɗaya ce cikin 65,536. Ashe tsawon ne kawai ya zo ɗaya. Gurbi 16 a menu, haruffa 16 a imel, sai ido ya yaudari kowa.

Abin da aka turo ESW ne, makullin BISS-E. Shi ba makullin hoto ba ne, makullin hoton ne aka saka a akwati aka kulle. Ainihin haruffa 12 ɗin an dagula su da tsarin DES ta amfani da wata lambar shaida mai haruffa 14 da ake zuba wa IRD tun da wuri. Da an shigar da ESW, IRD ta warware shi da lambar shaidarta a cikin cikinta, ta fitar da bit 48 ɗin, ta yi lissafin gurbi biyun, ta miƙa wa injin CSA, ba tare da ta nuna wa kowa ba. Lambar shaidar ma da zarar an zuba ta ba a iya karanto ta daga allo. Hikimar ita ce ko imel ɗin ya faɗa hannun wani, ko wani ma'aikaci ya ɗauki hotonsa ya tura wa abokinsa mai gidan kallon ƙwallo, ba abin da zai yi da shi. Lambar shaidar tashar tana cikin IRD ɗin da ta ƙone, an zuba ta tun farkon kakar wasanni, kuma dikodar kasuwar ba ta ma da gurbin da za a sa ta.

An kira mai izinin aka roƙe shi ya turo haruffa 12 ɗin a fili. Ya ƙi, kuma da gaskiyarsa. Makullin hoto ɗaya ne ga duk tashoshin da ke karɓar fid ɗin, in ya fita daga hannu ɗaya ya fita ga kowa, sai an canza shi a tsakiyar aiki an bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya.

Wannan tsoron ba na banza ba ne. Bit 48 na nufin makullai kusan tiriliyan 281, adadin da a 1994 ya fi ƙarfin kowace kwamfuta ta gida, musamman ga makullin da ke mutuwa cikin sakan 10. Amma BISS ya ɗauki kwaɗon da aka ƙera don sakan 10 ya bar shi sa'o'i, wasu tashoshin ma watanni. A 2011 wasu masu bincike a Jamus suka nuna cewa da manyan jadawalan da aka riga aka lissafa ana iya gano CW cikin ɗan lokaci. Dalilin da ya sa EBU ta fito da BISS2 a 2018 ke nan, mai amfani da tsarin dagulawa na AES mai bit 128, tare da BISS-CA wanda ke canza makulli ana cikin wasa, har ya iya cire dikoda ɗaya daga cikin masu karɓa. Tsohon injin CSA na dikodar kasuwa ba ya jin wannan yaren kwata-kwata, komai manhajar da aka ɗora mata.

Alamar da aka tsallake tun ƙarfe 3 da rabi

A ce ma mai izinin ya yi sassauci ya turo haruffa 12 ɗin, da ba a ga wasan ba. Lokacin da sautin gwaji ke fita allo na baƙi, fid ɗin a buɗe yake, ba a kunna kulle ba tukuna. Kulle in ya hau, hoto da sauti yake kamawa tare. Sauti ba hoto yana nufin ƙunshin sun iso lafiya, sashen hoto ne ya kasa karanta su. Amsar tana cikin takardar tun farko: 4:2:2. Tashoshin gida ana aiko su ne da 4:2:0, inda aka rage bayanin launi a tsaye da kwance, kuma iyakar abin da cif ɗin yawancin dikodojin kasuwa ke iya warwarewa ke nan. Fid na tashoshi yakan zo da 4:2:2, mai ninkin bayanin launi, saboda za a ɗora masa tambari da rubutu a sake matse shi kafin ya isa gidajen mutane. Wasu dikodojin baƙi suke nunawa, wasu su nuna hoto a yayyage da launuka a zube. Sabunta manhaja ba ya gyara wannan, domin iyakar cif ce.

Da an lura da wannan a kan lokaci da an huta da kusan minti 45 na danne-dannen rimot da hawa kan rufi.

Ƙarfe 4 da rabi ta wuce kafin a fara abin da ya kamata a fara tun ƙarfe 2, wato neman aron IRD daga wata tasha a garin. Ta iso ana dab da take wasa. Mai izinin, bayan ya tabbatar da wanda yake magana da shi, ya karanto wa babban injiniyan lambar shaidar ta waya, ba ta imel ɗin da ESW ya biyo ba, tunda ƙa'idar ita ce kada su bi hanya ɗaya. Aka sa firikwensin a matsayin 2010 saboda wannan IRD ɗin lambar da ta sauko daga LNB take karɓa, aka kunna mata wutar LNB ta bolt 18 da sautin 22 kHz, aka zaɓi BISS-E a maimakon BISS-1, aka zuba haruffa 14, sannan 16 ɗin nan da suka ƙi aiki tun ɗazu. Hoto ya fito nan take, an riga an ci minti 9 da fara wasa. Sauti ne ya ɗan ƙara ɓata lokaci: fid ɗin ya zo da layuka fiye da ɗaya, na farko hayaniyar fili ce zalla ba mai sharhi, sai da aka koma na biyu. Da za a mayar da IRD ɗin ga masu ita da daddare, aka rubuta sifili 14 a kan lambar shaidar don kada ta tafi da ita.